Warin banɗaki ba koyaushe laifinki ba ne: leƙa ƙarƙashin kwanon wanke hannu

Yau ba maganar allurar rigakafi ko abincin yaye zan yi ba. Maganar ƙarfe da roba ce, irin wadda muka saba bar wa maza, amma idan ta lalace mu ake kallo.

Bara, bayan girbin shinkafa, ƙanwata ta tare a sabon ɗakinta a nan Augie. Mijinta ya yi iya ƙoƙarinsa: ciki da falo, banɗaki a ciki, tayil har bango, ga kwanon wanke hannu fari ƙal da madubi a samansa. Duk wadda ta je ganin ɗaki sai ta yaba. Wata uku da tarewa ta kira ni da dare, muryarta na rawa.

"Yaya, na rasa yadda zan yi da banɗakin nan. Sau biyu nake wanke shi kullum, in zuba maganin wari, in kunna turaren wuta, amma da rana ta take sai ɗakin ya ɗauka. Jiya Inna ta shigo duba ni, na ga ta ja mayafi ta rufe hanci. Ba ta ce komai ba, amma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi."

A lokacin tana fama da laulayi, ko ƙamshin miya ba ta so, balle wannan. Ga kyankyasai da dare, har kan buroshin goge baki. Ta fara zargin kanta da ƙazanta, alhali duk gidanmu babu wadda ta kai ta tsafta.

Ranar da nake hutun aiki na je. Ban duba masai ba, ban duba tayil ba. Na durƙusa na haska tocilar waya ƙarƙashin kwanon wanke hannun. Abin da na gani shi ne wata farar tiyo mai ƙwarya-ƙwarya, ta sauko a miƙe daga gindin kwanon ta shige wani rami a ƙasa, ramin ma ya fi ta faɗi, ga sarari a gefe. Na ce mata, "Tashi ki daina kuka. Ko sau goma za ki wanke, ƙofa ce aka bar miki a buɗe tsakanin ɗakinki da sokawe."

Abubuwa uku da ke ƙarƙashin kwanon

Kwanon wanke hannu, wanda masu gyaran famfo ke kira besin, yana da abubuwa uku da ke fitar da ruwansa. Na farko shi ne ƙarfen da kike gani a tsakiyar kwanon, bakin magudanar, su suna ce masa wes. Na biyu yana ƙasa da shi, wata lanƙwasa ko wata 'yar kwalba da suke kira tirap. Na uku shi ne bututun da ke ɗaukar ruwan ya fita waje.

Idan an je shago, ido kan na farkon yake, domin shi ne mai ƙyalli. Amma na biyun ne ke tsare lafiyar gida, kuma shi ne aka fi tsallakewa don a rage kuɗi ko a gama aiki da wuri.

Aikin tirap mai sauƙi ne. Duk lokacin da kika wanke hannu, ruwa kaɗan yana tsayawa a cikin lanƙwasar, ba ya wucewa. Wannan ɗan ruwan shi ne murfi. Iskar da ke tasowa daga bututu da sokawe, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ba ta iya ratsa shi. Kyankyasai da ƙananan ƙudajen magudana ma yana tare musu hanya. Tirap mai kyau na kwanon wanke hannu yana riƙe ruwa mai zurfin kusan milimita 75, wato inci 3, kwatankwacin tsawon yatsarki. Ba sabuwar dabara ba ce: tun 1775 wani mai gyaran agogo a birnin Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai irin wannan lanƙwasa, kuma har yau duniya ba ta sami abin da ya fi ta ba.

Kada ki ɗauka wari kaɗai ne abin gudu. A 2003, lokacin annobar cutar numfashi ta SARS, a wani rukunin benaye da ake kira Amoy Gardens a Hong Kong, fiye da mutum 300 suka kamu, 42 suka rasu. Da masu bincike suka bi sawu, sai suka tarar tirap ɗin magudanun ƙasa na banɗakuna da yawa sun bushe, babu ruwa a ciki. Fankar da ke zuƙe iskar banɗaki tana jawo iska mai ɗauke da ƙwayoyin cuta daga bututun masai zuwa cikin ɗakunan mutane. Tun daga nan hukumomin lafiya na can suke tunatar da jama'a su riƙa zuba kamar rabin lita na ruwa a kowace magudana sau ɗaya a mako.

Mu a nan, barazanar da ta fi kusa da mu ita ce kyankyaso da ƙuda. Wanda ya kwana a sokawe, da asuba yana kan kofin yaro. Mun ga abin da amai da gudawa ya yi a ƙasar nan a 2021, inda aka yi zargin fiye da mutum 100,000 sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Gurɓataccen ruwa ne babban sanadi, amma duk wata hanya da ke haɗa bayan gida da abincinmu ya kamata a toshe ta.

Bari in gyara wata fahimta kuma, domin kusan kullum ana tambayata a wajen awo. Wari ko turirin banɗaki ba shi ke jawo ciwon sanyi na mata ba. Warin yana iya sa ciwon kai da tashin zuciya, musamman ga mai ciki. Amma idan kina ganin ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari, ki zo asibiti a duba ki, kada ki ɗora wa masai laifi ki zauna a gida.

Wane tirap za ki zaɓa?

Iri uku za ki fi samu a shagunan kayan famfo na Argungu da Birnin Kebbi.

Akwai mai kama da kwalba. Shi na fi so ga kwanon wanke hannu na gidan da ke da yara, saboda gindinsa yana kwancewa da hannu. Ki ajiye bokiti a ƙasa, ki murɗe, ki zubar da abin da ya taru, ki mayar. Ba sai kin jira mai gyara ba. Ɗan kunne ko zobe ya faɗa, a nan za ki same shi. Rauninsa shi ne yana saurin tara datti. Mu kuwa ruwanmu na rijiya da bohol yakan zo da yashi, ga gashi ranar tsifa, ga dusar lalle, don haka yana son dubawa kamar sau ɗaya a wata.

Akwai mai lanƙwasa kamar ƙugiya, wanda bututunsa ke shiga bango. Ruwa ya fi gudu a cikinsa, bai cika toshewa ba, amma ya fi cin wuri, kuma wanke shi ya fi na kwalba wahala. Wani nau'insa bututun ƙasa yake nufa maimakon bango. Shi wannan wani lokaci ruwan da ke sauka da ƙarfi yana zuƙe ruwan murfin ya tafi da shi. Idan kina jin kwanon yana ƙugi bayan ruwa ya gama wucewa, sannan wari ya biyo baya, abin da ke faruwa ke nan.

Sai tiyo mai ƙwarya-ƙwarya, irin ta ɗakin ƙanwata. Ita ce mafi araha, kuma masu aiki suna sonta domin tana bin duk inda aka ja ta. Amma idan aka sauke ta a miƙe, babu inda ruwa zai tsaya, wato babu murfi ko kaɗan. Ƙwaryoyin cikinta kuma suna riƙe kumfar sabulu da man goge baki har su yi baƙin yauƙi mai wari. Rana da zafi suna sa ta tsage, ɓera kuma yana cinta. Idan ita kaɗai ke gare ki a yanzu, ki lanƙwasa ta ta sauka ta sake hawa kamar ƙugiya, ki ɗaure da waya ko igiyar roba yadda ruwa zai zauna a lanƙwasar, sannan a toshe sararin da ke gefen ramin ƙasa. Wannan na wucin gadi ne kafin a sayi na gaske.

Bakin magudana: tambayoyi huɗu

Tambaya ta farko, girma. Kwanon wanke hannu na banɗaki yana ɗaukar wes mai faɗin milimita 32, wato inci ɗaya da kwata. Na wajen wanke-wanke na kicin da na bahon wanka milimita 40 ne, inci ɗaya da rabi. Idan an sayo wanda bai dace ba, sai ki ga ana cika gefe da siminti ko ana naɗa leda, bayan mako biyu yoyo ya fara. Wes da tirap su zama girmansu ɗaya.

Ta biyu, kuma ita aka fi kuskurewa: kwanonki yana da 'yar huda a sama, ƙarƙashin famfo ko a gefen da ke kallonsa? Wannan hudar ita ke kwashe rarar ruwa idan kwanon ya cika, ta bi da shi ta wata ɓoyayyiyar hanya a cikin jikin kwanon zuwa ƙasa. Idan akwai ta, dole a sayi wes mai tsaga a jikinsa, domin ta tsagar nan rarar ke shiga bututu. Aka sa marar tsaga, ruwan da ya shiga hudar ba shi da mafita, zai zauna ya yi wari, kuma ranar da yaro ya bar famfo a buɗe ɗaki zai cika. Idan kuma kwanon ba shi da wannan huda, marar tsaga ake saye. Aka sa mai tsaga, ruwa zai riƙa bin tsagar yana ɗiga ƙasa.

Ta uku, da murfi ko babu? Akwai mai murfin roba da sarƙa, akwai wanda ake dannawa ya rufe a sake dannawa ya buɗe, akwai kuma mai raga wanda kullum a buɗe yake. Mai dannawa yana da kyau a ido, amma akwai sifirin a cikinsa, kuma yashi da tsatsa suna maƙale shi. Ranar da ya ƙi buɗewa kwanon cike da ruwan sabulu za ki gane. Ga gidan da ke da ƙananan yara, shawarata mai raga. Yaro ba zai iya tara ruwa ya yi wasa da shi ba, babu ƙaramin murfin da zai cire ya sa a baki, kuma ko an manta famfo a buɗe lokacin da babu ruwa, idan aka cika tanki cikin dare ruwan wucewa zai yi. A ƙa'idar gina asibitoci a Ingila, kwanon da ma'aikata ke wanke hannu ba a sa masa murfi, ba a yi masa hudar rara, domin ruwan da ya kwanta da lungun da buroshi ba ya kaiwa su ne maɓoyar ƙwayoyin cuta. Idan kina son jiƙa kayan jariri, baho ya fi, kuma ki zubar da ruwan da zarar kin gama, don ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ke rarrafe.

Ta huɗu, da me aka yi shi? Ƙyalli ba ya nuna inganci. Ki ɗauka a hannu: na tagulla da aka shafe da farin ƙarfe yana da nauyi, kuma idan kika leƙa cikinsa ko wajen zarensa sau da yawa za ki ga launin rawaya. Na ƙarfen da ba ya tsatsa ma yana da ƙarko. Wanda kika ji shi sakayau kamar gwangwani, fentinsa zai ɓare, notinsa ya ci, ranar da aka zo kwancewa sai an fasa. Shi kuwa tirap da ke ƙasa, na farar roba mai kauri ya wadatar, ba ya tsatsa, kuma hannu ke kwance shi. Ki tabbatar robobin da ke hana yoyo suna cikin leda kafin a bar shago. Araha ba ta ado, amma a nan mai tsadar ma ba lallai ne ya fi ba.

Ina ruwan yake zuwa?

Ko an sa tirap mai kyau, sai an duba ƙarshen bututun. Ya kasance yana da gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta a hanya.

Mu mutanen bakin fadamar Rima muna da matsalar da na kan tudu ba su da ita: ruwan ƙasa yana kusa. Da damina ta yi nisa sokawe ke cika, a shekarar ambaliya irin 2020 kuwa, da ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Kebbi, ramukan bayan gida da yawa sun tumbatsa. Tirap yana tare iska, amma ba ya tare ruwan da ya juyo baya. Shi ya sa ya fi kyau ruwan wanke hannu da na wanka su sami nasu ƙaramin rami daban, a cika shi da duwatsu da tsakuwa a rufe, maimakon a haɗa su kai tsaye da ramin masai. Hakan yana rage saurin cikar ramin masai ɗin ma. Ramin masai kuwa, ƙa'idar da ma'aikatan tsafta ke bi ita ce ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiyar da ake sha.

Kada kuma a saki bututun ya zuba a bayan katanga ya zama kwatami. Baƙin ruwan kwatami ya fi haifar da sauron da ke hana barci, shi kuwa sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa mai ɗan haske da ya kwanta a rana, amma bayan gidan da kullum yake jiƙe yana samar da duka biyun. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, mafi yawa a duk Najeriya. Shi ya sa Kebbi ta kasance cikin jihohi biyu da aka fara ba yara allurar rigakafin cutar a Disamba 2024. Ba mu da sararin ƙara wa sauro gida.

Kulawar da ba ta cin kuɗi

Zafin watan Afrilu da busasshiyar iskar hunturu suna shanye ruwan tirap da sauri. Banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba, ko ɗakin da kika rufe kika tafi wankan jego gida, shi ke fara wari. Sau ɗaya a mako ki zuba kofi biyu na ruwa a kwanon, ki zuba a magudanar ƙasa ma. Idan kin dawo daga tafiya, ki fara da wannan kafin ki kunna turare.

Gashin tsifa a kwandon shara, ba a kwano ba. Haka ragowar lalle da dilka.

Idan ya toshe, ki kwance tirap ki wanke da tsohon buroshi da ruwan ɗumi. Ina roƙonku da babbar murya, ku bar zuba soda mai ƙuna, irin ta yin sabulu, ko ruwan batir. Suna iya fantsama a ido, kuma ragowar da aka ajiye a gorar ruwa ita ce yaro ke ɗauka ya sha. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa ganin yaron da soda ta ƙone wa maƙogwaro ba ta mantawa, domin wani sai ya yi watanni ba ya iya haɗiye tuwo. Haka kuma kada ki haɗa bilic irin Hypo ko Jik da ruwan wanke masai mai asid. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi, musamman a banɗakin da tagarsa ƙarama ce.

Kafin a tafi shago

Na san yawancinmu ba mu ke zuwa sayen kayan ba. To, ki ɗauki hoto uku da wayarki: cikin kwanon daga sama yadda za a ga ko akwai hudar rara, ƙarƙashinsa, da inda bututun ya shiga bango ko ƙasa. Ki tura wa maigida tare da saƙo gajere: wes inci ɗaya da kwata, mai raga, mai tsaga idan akwai huda, da tirap mai kwalba girmansu ɗaya. Idan mai gyara ya gama, kafin a sallame shi a toshe bakin da tsumma, a cika kwanon har ruwa ya shiga hudar rara, a saki, a shafa busasshen hannu a kowace mahaɗa. Ɗigo ɗaya ma a gyara shi a ranar.

Haka muka yi da mijin ƙanwata. Da farko ya ce, "Anti, ai wanda ya yi aikin ya san aikinsa." Na ce ya durƙusa ya kai hancinsa bakin ramin. Bai ƙara magana ba. Washegari ya dawo daga Argungu da tirap a leda, aikin bai kai awa ɗaya ba, aka toshe gefen ramin da siminti. Kwana biyu warin ya ɗauke. Da Inna ta sake zuwa, a ɗakin ta yi sallar la'asar, ta zauna har magariba.

Wadda kuma ba ta da kwanon wanke hannu, makewayi ne da rariya, darasin ɗaya ne: ki sa raga a bakin rariyar, ki bi ruwan ki ga inda yake ƙarewa, kada ya kwanta.

Yau da dare, idan yara sun yi barci, ki haska tocila ƙarƙashin naki kwanon. Ki rubuto mini a ƙasa abin da kika gani: kwalba, ƙugiya, ko miƙaƙƙiyar tiyo. Zan amsa gwargwadon iko tsakanin aikin dare da na safe. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya raya mana zuri'a.